Waye Na Gaba? Muhawara Kan Layin Fifiko a Manhajar Asibitin Karkara

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma ciwon kansu a harkar lafiya kusan iri ɗaya ne. Marasa lafiya sun fi ƙarfin ma'aikata nesa ba kusa ba, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa ke yi wa yara taron dangi. A irin wannan lokaci babu tambayar da ta kai wannan nauyi a bakin ƙofar likita: waye na gaba? Yanzu da matasanmu suka duƙufa koyon rubuta manhaja, wasu a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, wasu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko a Zariya, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, manhajar tsara layin asibiti na daga cikin abubuwan da suka fi saurin zuwa ran ɗalibi idan ana neman aikin kammala karatu. Da ya zauna rubutawa sai ya faɗa cikin wata gardama da ta girme shi: a zuba marasa lafiyan cikin layin fifiko ne, ko a bar su a layin da kowa ya sani?

Layin da kowa ya sani shi ne na wajen injin niƙa, inda ake jera kwanuka, wanda ya riga ajiyewa a riga niƙa masa, ba ruwan mai inji da ko tuwon suna za a yi ko na dare. Layin fifiko kuwa kowane mai shiga yana ɗauke da maki, kuma duk lokacin da aka ce a fito da mutum ɗaya, wanda makinsa ya fi gaggawa ne zai fito, ko da yanzu ya iso. Alkawura uku kacal yake ɗauka: zai karɓi sabon shiga, zai nuna maka wanda ke kan gaba, zai cire maka shi. Bai yi alkawarin cewa sauran mutanen da ke ciki a jere suke ba. A riƙe wannan, domin rabin rigimar daga nan ta samo asali.

Hanyar da aka fi gina shi da ita ta fito ne a 1964, daga hannun wani Baturen Ingila mai suna J. W. J. Williams, sannan Robert Floyd na Amurka ya ƙara mata sauri a shekarar. Tsibi ake yi mai rassa biyu-biyu. Mafi gaggawa na bisa ƙololuwa, a ƙarƙashinsa mutum biyu, a ƙarƙashin kowannensu wasu biyu, haka har ƙasa. Doka ɗaya ce: na sama ba zai gaza na ƙarƙashinsa gaggawa ba. Idan sabon majinyaci ya zo, a ƙasan tsibin ake ajiye shi, sai a gwada shi da wanda ke samansa. In ya fi shi, su musanya gurbi, a sake gwada shi da na gaba, har ya tsaya inda ya dace. Idan kuma aka cire na ƙololuwa, na can ƙarshe ake ɗaukowa a ɗora a gurbin, ya riƙa gangarowa yana ba mafi gaggawa cikin biyun da ke ƙarƙashinsa wuri. Ribar ita ce tsibin ba ya da tsawo. Mutum 1,000 hawa kusan 10 suke yi, mutum miliyan ɗaya hawa kusan 20. Ke nan ko layin ya kai miliyan, matakai wajen ashirin sun isa a saka mutum a gurbinsa. Dabara ce mai kyau, kuma ba na jin akwai wanda ya fahimce ta bai ji daɗinta ba.

Masu goyon bayan layin fifiko sukan fara da tarihi, kuma tarihin na tare da su. Salon rubuta manhaja da ake gina komai a matsayin abu mai halaye da ayyukansa, kowane abu a ƙarƙashin ajinsa, wato salon abubuwa, a birnin Oslo na ƙasar Nowe aka haife shi, a harshen Simula 67 na Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard. Ba don wasa suka ƙirƙiro shi ba, don kwaikwayon al'amuran duniya ne a cikin kwamfuta, irin su jiragen ruwa a tasha da mutane a layi. A tsakiyar Simula akwai jerin abubuwan da za su faru, an tsara su bisa lokaci, mafi kusa shi ke fara fitowa. Wato tun ranar farko salon abubuwa da layin fifiko tare suka tashi. Yau kuma ba sai ɗalibi ya wahala ba. Java na da ajin PriorityQueue tun 2004, Python na da heapq tun 2003, C++ na da nasa tun daidaitaccen tsarinsa na 1998, .NET ne ya makara sai a 2021. Kayan aiki ne da miliyoyin mutane suka gwada, don haka masu wannan ra'ayi ke cewa wanda ya bar shi ya zauna ƙera nasa ya sayi wahala da kuɗinsa.

Hujjarsu mafi ƙarfi dai ba ta kwamfuta ba ce, ta likitanci ce. Asibiti bai taɓa zama wurin da riga zuwa ke yanke hukunci ba. Tun zamanin Dominique Larrey, likitan sojojin Napoleon na Faransa, aka san cewa wanda rauninsa ya fi tsanani ake fara dubawa, ba mai babban muƙami ba. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tantance yara na gaggawa mai suna ETAT, wanda ya raba su gida uku. Akwai waɗanda za a kama nan take: mai jijjiga, wanda ya suma, wanda numfashi ke gagara, wanda ruwan jikinsa ya ƙare. Akwai masu fifiko: jariri ɗan ƙasa da wata biyu, mai zazzaɓi mai zafi ƙwarai, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat don rashin jini, wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura. Sai sauran da za su bi layi. Haka ma tef ɗin auna damtsen yaro: ƙasa da milimita 115 ja ne, daga nan zuwa 125 ruwan ɗorawa, sama da haka kore.

A ce ƙarfe goma na safe ne a wani asibitin sha-ka-tafi, benci ya cika, mata sun shimfiɗa zannuwa a baranda. Mai kati na 7 dattijo ne da ya zo awon hawan jini. Sai ga babur ya tsaya, wata mata ta sauko da yaro a kafaɗa, idonsa ya kakkafe, hannunsa na karkarwa. Katinta na 64. Duk manhajar da za ta ce mata ta jira mutum 57 ba manhaja ba ce, annoba ce. A layin fifiko, da nas ta danna alamar jijjiga, yaron zai haura tsibin cikin matakai biyar ya zauna a ƙololuwa, kuma sunansa ne zai fito a allon likita. Masu goyon baya suka ce tsarin da ke cikin kwamfuta ya kamata ya yi kama da gaskiyar da ke ƙasa, kuma gaskiyar da ke ƙasa ta fifiko ce.

Suna da hujja ta biyu wadda ta fi burge ni, domin ta taɓa wani ciwo namu da ba a rubuta shi a katin asibiti: alfarma. Kowa ya san yadda layi ke lanƙwasa idan babbar riga ta shigo, ko an ce ai ƙanwar wane ce. A salon abubuwa ana iya gina ajin majinyaci ta yadda makinsa a kulle yake, ba mai taɓa shi kai tsaye, sai ta hanyar aiki guda da ke karɓar alamomin ciwo ya kuma rubuta wanda ya shigar da su da lokacin da ya shigar. Sannan dokar da ke cewa wane ya fi wane ba a binne ta cikin ajin majinyacin, ana ware ta a matsayin abu mai zaman kansa, ma'aunin fifiko, wanda Java ke kira Comparator. Amfanin warewar a fili yake. Majinyaci ɗaya ne, amma matsayinsa a layin likita daban, a layin gwajin jini daban, a layin motar ɗaukar marasa lafiya daban. Kowane layi da ma'auninsa, kuma ma'aunin bai wuce layi biyar ko shida na rubutu ba, ana iya fassara shi a manna a bango kowa ya karanta. Idan babu gurbin ɗan gidan wane a cikin ma'aunin, kwamfuta ba ta san shi ba.

To, ga ɗaya ɓangaren. Masu adawa ba su ce a bar yaro mai jijjiga ya jira ba, babu mai hankalin da zai faɗi haka. Abin da suke tambaya shi ne: mutum nawa ne a layin? Asibitin ƙauye a Sabuwa ko Faskari, a ranar da ya fi cika, masu jira a lokaci guda ɗaruruwa ne in sun yi yawa. Idan manhaja ta bi jerin mutum 200 ɗaya bayan ɗaya tana neman mafi gaggawa, ko wayar Tecno mafi araha ta gama kafin ƙiftawar ido. Saurin da tsibi ke taƙama da shi sai a dubban ɗaruruwa ake jin daɗinsa. A nan kuwa an sayi sauri da ba a buƙata, an biya da sarƙaƙiyar da za ta dami wanda zai gaji manhajar bayan mai ita ya tafi bautar ƙasa.

Suka ƙara da cewa tunda matakan uku ne, a yi layuka uku na talakawa, ja da ruwan ɗorawa da kore, kowanne wanda ya riga zuwa a riga kiransa. In akwai mutum a ja a ɗauke shi, in babu a leƙa na biyu. Wannan ya fi tsibi sauri ma, kuma ma'aikaciyar jinya za ta gane shi a minti ɗaya domin haka take yi da katuna a kan tebur. Ba kuma dabarar rago ba ce. Manhajar Linux, daga fitowarta ta 2.6 har zuwa 2007, haka take rabon lokaci tsakanin ayyuka: matakai 140, kowane mataki da layinsa na riga zuwa. A nan sai na ɗan tsoma baki, domin ɓangarorin biyu kan yi ta musu alhali ba abu ɗaya suke nufi ba. Layuka ukun nan ma layin fifiko ne a ɗabi'a, tunda sun cika alkawuran nan uku. Abin da masu adawa ke ƙi shi ne tsibin da ke cikin akwatin Java ko Python, ba fifikon kansa ba. Kuma darasin farko na salon abubuwa ke nan, a rubuta yarjejeniyar daban, a ɓoye yadda aka cika ta daban.

Tarkunan da ke cikin akwatin kuwa na gaske ne, kuma ɗalibai na faɗa musu. Na farko shi ne kunnen doki. Idan mutum biyu makinsu ɗaya, PriorityQueue na Java bai yi alkawarin fitar da wanda ya riga zuwa ba, bayanin ajin ma ya faɗi haka ƙarara. A asibiti kusan kowa kunnen doki yake da wani, tunda akasarin masu jira kore ne. Sai ka ga matar da ta zo da asuba tana zaune, an kira wadda ta zo da hantsi, kuma babu wanda ya yi alfarma, tsibi ne kawai ya juya haka. Je ka yi wa mijinta bayanin tsibi ka gani. Maganin ba wuya, a haɗa makin da lambar isowa, in maki ya zo ɗaya a duba lamba. Amma sai wanda ya san da ramin zai tsallake shi.

Na biyu, idan aka ce manhaja ta zayyano duk masu jira a allon bango, bin cikin tsibin kai tsaye ba ya ba da jeri daidai. Na farko dai daidai ne, sauran a hargitse. Wanda ya ga sunansa na uku zai iya zama na tara. Na uku ya fi ban tsoro duk da ƙanƙantarsa: a Java da Python ƙaramar lamba ce ke fara fitowa, a C++ babba ce. Wanda ya koyi ɗaya ya koma ɗaya bai lura ba, ya juya asibitin gaba ɗaya, mai ƙaiƙayi a gaba, mai zubar jini a baya.

Akwai na huɗu, wanda salon abubuwa da kansa ke haƙa shi, kuma a ganina shi ne hujjar masu adawa da ba a iya kaucewa. Mara lafiya ba dutse ba ne. Yaron da aka auna ƙarfe tara aka ba shi kore, zuwa sha ɗaya zazzaɓi ya hau, ya fara fizge-fizge. Nas ta buɗe katinsa a manhaja ta mayar da shi ja. A idon mai rubutu komai ya tafi daidai, an canza halin abu kamar yadda aka koya masa a aji. Amma tsibin bai ji labari ba. Lokacin saka mutum da lokacin cire mutum kawai yake gwaji, don haka yaron na nan a gindin tsibi da jan maki, kuma dokar da aka gina komai a kanta ta karye ba tare da wani saƙon kuskure ya fito ba. Sai an cire shi an sake saka shi, kuma cire mutum daga tsakiya a Java sai an bi jerin ɗaya bayan ɗaya an nemo shi, wato saurin da ake taƙama da shi ya tafi. Masu goyon baya za su ce to a kulle ƙofar, kada a bar kowa ya canza maki sai ta hannun ajin layin, shi kuma ya yi cirewa da sakawar. Gaskiya ne, haka ya kamata. Sai dai da ka yi haka ka amince cewa akwatin da aka ce a ɗauka kawai a yi aiki da shi bai isa ba, sai an gina masa ɗaki.

Sannan ga wuta da sabis. Tsibin nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta yake zaune, wadda ke gogewa da batir ya mutu. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na ciki, aka shafe watanni babu kira babu intanet. Duk manhajar da layinta ke ajiye a wata uwar kwamfuta a Legas ko Turai ta zama hoto a lokacin. Dole a adana layin a cikin na'urar da ke kan tebur, a ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite. Da ka yi haka kuwa, umarni ɗaya ya isa rumbun ya ba ka masu jira a jere bisa maki da lokacin isowa, ya kuma tuna da su ko an ɗauke wuta sau goma. Masu adawa suka ce to ina aikin tsibi?

Duk wannan gardamar kayan aiki ce. Wadda ta fi ta zafi ita ce ta wanda ba a taɓa kira ba. A watan Agusta ja da ruwan ɗorawa ba sa yankewa. Idan doka ta ce ba a taɓa kore sai sun ƙare, dattijon nan mai kati na 7 zai wuni a benci. Masana kwamfuta sun daɗe da sanin wannan cuta a rabon ayyuka, inda ƙaramin aiki ke zama har abada saboda manya na ta shigowa. A yankinmu kuma jira na da wani farashi da littattafan koyon manhaja ba su san shi ba. Wanda ya fito daga ƙauyen da ke bakin daji, a gefen Birnin Gwari ko ta wajen iyakar Zamfara, yana duba rana ne ba agogo ba. In la'asar ta yi bai kama hanya ba, ko ya kwana a baranda ko ya sayar da ransa. Mutumin cikin gari mai ciwo iri ɗaya zai iya zuwa gida ya ci abinci ya dawo. Maki ɗaya ne a kati, amma jiran nasu ba ɗaya ba ne.

Maganin da aka saba bayarwa shi ne a riƙa ƙara wa mai jira maki gwargwadon daɗewarsa. Amma mun riga mun ga tsibi ba ya son makin da ke motsi. Akwai hanyar da ta fi wannan tsafta, kuma ita ma tsohuwa ce, C. L. Liu da James Layland sun yi nazarinta a 1973: a daina ba mutum maki, a ba shi wa'adi. Tsarin tantance marasa lafiya na Afirka ta Kudu ya ba da misali da lambobi. Ja nan take, ruwan lemo cikin minti 10, ruwan ɗorawa cikin awa 1, kore cikin awa 4. Kore da ya iso ƙarfe takwas wa'adinsa sha biyu. Ruwan ɗorawa da ya iso sha ɗaya da rabi wa'adinsa sha biyu da rabi. Dattijon ya riga shi, ba don an tausaya masa ba, don lokacinsa ya fi kusa. Wa'adin ba ya canzawa bayan an rubuta shi, don haka tsibi bai karye ba, kuma ba wanda zai dawwama a baya. Lura kuma cewa a nan dokar layuka uku ta masu adawa, wadda ba ta leƙa na ƙasa sai na sama ya ƙare, ta gaza, domin wa'adi ba mataki uku ba ne, kowane mutum da nasa. Sharaɗi guda ne: ja ba ya shiga wannan lissafi. Yaro mai jijjiga yana gaba da kowane wa'adi, ko na wanda ya kwana a wurin.

Ko da an gyara wannan, layi ba ya warware komai. A Yulin 1997 na'urar Pathfinder da Amurka ta saukar a duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana tashi. Da aka bincika sai aka gano wani ƙaramin aiki ne ya riƙe abin da babban aiki ke buƙata, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki. Daga nan duniya aka tura gyara, ƙaramin ya riƙa aron matsayin babban da ke jiransa. A asibiti haka ke faruwa idan yaro ja na jiran sakamakon jini, amma samfurinsa na bin layin talakawa a ɗakin gwaji. In ba a sa samfurin ya gaji jan mai shi ba, fifikon bakin ƙofa ya tashi a banza.

Inda tsibi ke cin abincinsa ba tare da gardama ba shi ne neman hanya. Dabarar da Edsger Dijkstra na Holan ya wallafa a 1959 tana nemo hanya mafi sauƙi tsakanin wurare ta hanyar ɗauko mahaɗa mafi kusa a kowane mataki, kuma layin fifiko ne ke miƙo mata ita. Wanda zai rubuta manhajar tura mara lafiya daga Sabuwa ta Ɗandume zuwa Funtuwa, ko daga Ƙanƙara zuwa Malumfashi, ko a kan titin Funtuwa zuwa Gusau da ya ratsa Sheme da 'Yankara, in ya haɗa da hanyoyin ƙauyuka da na babur, mahaɗu dubbai zai tara. A nan bin jeri ɗaya bayan ɗaya zai fara nauyi, kuma ba mai kallon cikin tsibin balle ya ji an zalunce shi. Sai dai nauyin kowace hanya a nan ba kilomita ba ne kawai. Akwai gadar da ruwa ke shanyewa, akwai hanyar da ba a bi bayan magariba, kuma direba ne ya san su, ba taswira ba.

Ni dai in ɗalibi daga wannan yanki ya tambaye ni, zan ce masa masu goyon baya sun yi gaskiya a kan ɗabi'ar layin, masu adawa sun yi gaskiya a kan abin da za a zuba a cikinsa. Ya rubuta aji guda na layin jira mai ayyuka huɗu: saka, duba na gaba, cire, sake tantancewa. Sauran manhajar kada ta san abin da ke bayan wannan ƙofa. A bayan ƙofar ya fara da rumbun bayanai mai jerawa, domin shi ke jure ɗaukewar wuta, shi ke ba da allon bango daidai, shi ke karɓar canjin maki ba tare da ya karye ba. Ranar da manhajar ta girma ta haɗa asibitocin shiyyar Funtuwa gaba ɗaya, sai ya musanya cikin da tsibi, ba wanda zai ji a jikinsa. Ma'aunin kuwa kada ya rubuta shi shi kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai. Ya zauna da babbar nas da malamin asibiti da kwamitin lafiya na unguwa, su faɗa, shi ya rubuta.

A wannan zaman ne za a yi ta ta ƙare kan batun nisan gida, kuma ban ga alamar za a rabu da sauƙi ba. In aka rage wa mutanen ƙauyukan nesa wa'adi, a ce awa uku maimakon huɗu, mutanen gari za su ce da kuɗin harajinsu aka gina wurin, kuma kafin mako ya zagayo kowa zai zama ɗan ƙauyen nesa a bakin mai ba da kati. In aka ƙi, an bar tsoho ya zaɓi tsakanin maganinsa da hanyarsa. Ra'ayina a sa nisan, amma a ɗauko shi daga adireshin da ke tsohon katin mutum, ba daga abin da ya faɗa da safiyar ranar ba, kuma ya yi aiki tsakanin kore da kore kawai, kada ya tsallake ko da mutum ɗaya mai ruwan ɗorawa. A ajin ma'aunin, wannan layi biyu ne na rubutu, kuma kwamitin na iya cire su a zama na gaba in sun ga ba su yi ba.